Satoshi da pesuwa: canji ya wadata, saura maganar bashi

Kawuna yana da shago a Alabar, nan Kumasi, inda yake sayar da shadda da darduma da turare tun ban san ciwon kaina ba. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin wanda ya riga shi lissafi ba. Kafin ka ciro waya ka danna, ya gaya maka amsa har da ragowar canji. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙanena, wanda ya gama karatun kwamfuta yana zaune gida jiran aiki, ya tare shi a bakin shago yana yi masa wa'azin Bitcoin, kuɗin nan na intanet da babu banki ko gwamnatin da ke fitar da shi. Babbar hujjarsa ita ce guda miliyan 21 kawai za a taɓa samu a duniya, babu gwamnatin da za ta iya buga ƙari yadda ake buga sidi, kuɗinmu na Gana.

Kawu ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, mu mutanen Gana kaɗai mun haura miliyan talatin. Kuɗin da ba zai zagaya Gana ɗai-ɗai ba, shi ne zai ishi duniya?"

Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai kowane guda ana gutsura shi gida miliyan ɗari."

"To ashe ba shi da iyaka ke nan. Ka ce yana da iyaka, yanzu kuma ka ce ana yanka shi yadda aka ga dama."

Daga nan gardama ta kaure, har masu canjin dala na gefen titi suka sa baki. Ni dai na koma gida da tunanin cewa maganganu biyu aka cakuɗa. Akwai maganar canji, wato ko kuɗi zai gutsuru har a sayi ƙaramin abu da shi. Akwai kuma maganar abin da ke samun kasuwa idan kuɗi ya yi ta ƙara daraja, farashin kaya yana sauka shekara bayan shekara. Ta farko tana da amsa mai sauƙi. Ta biyun ce masu tallan kirifto, wato Bitcoin da ire-irensa, suke tsallakewa, kuma ita ce ta shafi ɗan kasuwa.

A fara da yadda aka kai ga miliyan 21 ɗin. Wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, mai kiran kansa Satoshi Nakamoto, ya fitar da takardar bayaninsa a ƙarshen Oktoban 2008, aka fara aiki da tsarin ranar 3 ga Janairun 2009. Kusan duk minti goma ana rufe shafi ɗaya a kundin hada-hadar, wanda kwamfutarsa ta yi nasarar rufe shafin kuma a ba shi lada da sababbin Bitcoin. Wannan ne ake kira haƙa, ko mainin a bakin samari. Ladan ya fara da 50. Duk bayan shafi 210,000, kimanin shekara huɗu ke nan, sai a raba shi biyu. Ya koma 25 a Nuwamban 2012, sai 12.5 a Yulin 2016, sai 6.25 a Mayun 2020, sai 3.125 a Afrilun 2024. Idan ka tara rabi da rabin rabi da rabin wancan rabin, jimillar tana ta matsowa kusa da wani adadi ba tare da ta wuce shi ba, adadin kuwa shi ne miliyan 21. An riga an haƙo fiye da miliyan 19 da rabi. Ɗan ragowar zai yi ta ɗiga har wajen shekarar 2140.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne gutsurawar ce ma ta yanke ranar ƙarshe. Mafi ƙanƙantar yanki da kundin ya sani shi ne satoshi, ɗaya cikin miliyan ɗari na Bitcoin guda. Idan aka yi ta raba lada biyu, ranar da ya gaza satoshi ɗaya sai ya koma sifili, domin kundin ba ya rubuta rabin satoshi. Shi ya sa ma jimillar ba za ta cika miliyan 21 cif ba, za ta gaza da ɗan kaɗan.

Idan aka lissafa da satoshi, abin da ake magana a kai ya kusa tiriliyan 2,100. A raba wa mutum biliyan takwas na duniya, kowa zai tashi da satoshi 262,500. A nan ƙanena ya yi gaskiya, canji ba zai yanke ba. Kawu kuma ya yi kuskure da ya ce gutsurawa ta cire iyaka, kuskuren da shi kansa ba zai yi a shagonsa ba. Ya san bandir ɗin shadda idan ya yanka shi yadi-yadi, ko ya yanka shi ƙyalle-ƙyalle, bandir ɗaya ne dai. Wanda ke da rabin bandir kafin a sa almakashi, rabin yake da shi bayan an gama.

Mu a Gana ma an yi mana wannan darasi da kuɗinmu. A Yulin 2007, zamanin Shugaba Kufuor, Babban Bankin Gana ya goge sifili huɗu daga sidi, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. Aka cika rediyo da talabijin da sanarwar cewa darajar ba ta canza ba. Gaskiya suka faɗa. Babu wanda ya wayi gari da arziki ko talauci saboda an goge sifili. Har yau akwai tsofaffinmu a Aboabo da Asawase da in suka ce maka "miliyan ɗaya", sidi ɗari suke nufi, kuma ciniki yana faɗawa lafiya lau. Abin da goge sifilin bai yi ba shi ne hana kuɗin lalacewa. A 2007 sabon sidi yana kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka. Zuwa ƙarshen 2022 sai da ka tara sidi goma sha wani abu kafin ka ga dala ɗaya, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disambar shekarar. Yawan sifili a jikin takarda daban, abin da takardar za ta sayo a kasuwar Kejetia daban.

Kakanninmu fataken goro sun san wannan tun kafin a haifi banki a ƙasar nan, domin sun yi ciniki tsakanin kuɗi iri biyu masu hali mabambanci. A arewa, daga Kano har Salaga, wuri ake kashewa. Kalmar "kuɗi" da muke faɗa kullum jam'in "wuri" ce, kamar yadda "sidi" ya fito daga sunan wuri a bakin Akan. Wuri ba ya gutsuruwa, kuma ba ya buƙata, don guda ɗaya ƙaramin abu yake saya. Matsalarsa tana wajen babban ciniki: ƙirga da dako. Baturen nan Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Daga baya 'yan kasuwar Jamus suka riƙa cika jiragen ruwa da wani irin wuri mai araha daga Zanzibar suna saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma, har wuri ya yi yawa ya rasa daraja, aka kai matsayin da kuɗin ɗaukarsa zuwa gari mai nisa yake cinye kaso mai tsoka daga cikinsa.

A nan Kumasi kuwa garin zinariya Asante suke kashewa. Shi yana gutsuruwa iya yadda idonka da ma'auninka suka iya. Kowane ɗan kasuwa da sikelinsa da duwatsun awo na tagulla, ƙananan awo kuma har da ƙwayar tsiro ake yi. Sunan pesuwa ma, wato ɗaya cikin ɗari na sidi, daga cikin waɗannan ƙananan ma'aunai ya fito. Babu jirgin da zai zo ya zubar da zinariya a bakin teku kamar wuri, saboda haka ba ta lalacewa. Sai dai abin da ba ya lalacewa mutane ɓoye shi suke yi, a tukunya, a ƙarƙashin ƙasa. Bitcoin ya fi kama da garin zinariyar nan, kuma ya gaji halinsa duka biyu, mai daɗin da marar daɗin.

Kafin in shiga maganar bashi, akwai wani gyara da ya kamata a yi wa ƙanena game da canjin kansa. Mu ɗauka Bitcoin yana dala 100,000, farashin da ya fara takawa a Disambar 2024, dala kuma tana sidi goma. A haka satoshi ɗaya daidai yake da pesuwa ɗaya. Duk wanda ke zaune a Gana ya san matsayin ƙwandalar pesuwa ɗaya: doka ta san da ita, mai koko ba ta san da ita ba. Ka miƙa wa yaron mota ita ka ga kallon da zai yi maka. Satoshi ɗaya ma haka yake a babban kundin. Akwai ƙa'idar da galibin kwamfutocin tsarin ke bi, cewa aiken da bai kai satoshi 546 ba a irin adireshin karɓar kuɗi da aka fara da shi ƙura ne, ba sa isar da shi. A lissafinmu wannan ya haura sidi biyar. Ga kuma kuɗin aike, wanda girman rubutun da aikenka ya ci a shafi ke yanke shi, ko nawa ka tura. Mai tura kuɗin gida da mai tura kuɗin ƙosai kusan abu ɗaya za su biya, in kuma layi ya cika, farashin ya yi sama. Mun ga yadda ɗan caji yake kashe ƙaramin ciniki lokacin da gwamnati ta ɗora harajin kashi 1.5 a kan tura kuɗi ta waya, wato MoMo, a Mayun 2022, mutane da yawa suka koma riƙe tsaba, har aka soke harajin a 2025.

An yi wa wannan dabara. Akwai wani tsari da aka ɗora a kan Bitcoin mai suna Lightning, inda mutane ke buɗe hanya a tsakaninsu su yi ta musayar ƙananan kuɗi, sai a ƙarshe a kai jimilla babban kundi, kamar mai shago da ke rubuta wa maƙwabcinsa a littafi a yi lissafi ƙarshen wata. A can har satoshi ana raba shi gida dubu. Yana aiki. Amma da yawa daga cikin masu amfani da shi a waya wani kamfani ne ke riƙe musu kuɗin, to ka ga an dawo gidan jiya, wato amana a hannun wani, abin da aka ce an gudu daga gare shi.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Idan adadin kuɗi ya tsaya cak, mutane suna ƙaruwa, gonaki da masana'antu suna ƙara fitar da kaya, dole kowane yanki na kuɗin ya riƙa sayen kaya fiye da na bara. Farashi zai yi ta sauka. Ga wanda ya rayu a Gana a 2022, lokacin da farashin buhun shinkafa na safe daban na yamma daban, wannan kamar labarin aljanna ne. Ni ma da aka fara gaya mini haka na ji.

Sai 2025 ta zo ta ɗan ɗanɗana mana. A watan Afrilu dala tana wajen sidi 15 da rabi. Kafin watan Yuni ya kama ta sauko kusa da sidi goma, saboda tsadar zinariya a kasuwar duniya, da dalar da Babban Banki ya riƙa saki, da raunin da dalar kanta ta yi. Ba a kai ga saukar farashi ta gaba ɗaya ba, hauhawar ce ta rage gudu. Amma a kayan da ake shigowa da su daga waje an ga abin ƙarara. An rage kuɗin mota da kashi 15 a watan Mayu. Jama'a suka taso wa 'yan kasuwa da cewa su ma su rage, ƙungiyarsu ta GUTA ta nemi a ba su kwana sittin su sayar da tsohon kaya. Mutane suka ce haɗama ce. Wasu kam haɗamar ce. Amma ka zauna a shagon Kawu ka ga ɗaya gefen. Mutum ya karɓi rancen sidi, ya sayi dala a sha biyar, ya yi odar kaya. Kafin kwantena ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Tema, maƙwabcinsa ya yi oda da dala a goma, zai iya karya farashi ya ci riba. Shi kuma dole ya bi sabon farashin, alhali bashin da ke wuyansa bai ragu da ko pesuwa ba. Da darduma ɗari za ta biya bashin, yanzu sai ɗari da hamsin. Masu saye kuma suka ja baya, kowa yana cewa bari mu ga mako mai zuwa, ƙila ta ƙara sauka. A gidajen zango da ake jiran aiken 'ya'ya daga Amurka ko Jamus ko Saudiyya, dala ɗarin da ke zama sidi 1,500 ta koma dubu da 'yan kai, kuɗin haya kuma bai motsa ba.

Wata biyu kawai aka yi ana wannan. Tattalin arzikin da aka gina a kan kuɗi mai iyaka, haka zai kasance kullum, a hankali dai amma ba tsayawa.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwarmu a kansa take tafiya. Dillali yana ba da kaya a biya bayan sallah. Mai gida yana karɓar hayar shekara biyu gaba. Makaniki a Suame Magazine yana ɗaukar kayan gyara a rubuta. Duk wata yarjejeniya da ta haɗa yau da gobe, darajar kuɗi tana zaune a tsakiyarta. In kuɗi yana lalacewa, mai bin bashi ne ke cutuwa, don abin da za a mayar masa bai kai abin da ya bayar ba. In kuɗi yana ƙara daraja, wanda ake bi ne ke cutuwa. Wanda ake bi kuwa galibi shi ne ƙaramin, mai neman tashi, wanda ba shi da jari sai ƙarfinsa.

Ɗauki adashi, wanda a nan aka fi sani da susu. Mata goma suna zuba satoshi 100,000 kowane wata, sidi dubu ke nan a lissafinmu na ɗazu. Ta farko ta kwashi miliyan ɗaya, ta canza, ta sayi firiza ta fara sayar da ƙanƙara. Bayan wata biyar Bitcoin ya ninka. Zubinta bai canza ba a takarda, satoshi 100,000 ne dai, amma yanzu sai ta nemo sidi dubu biyu kowane wata, ƙanƙara kuma ba ta ninka kuɗi ba. Ta ƙarshe, wadda ba ta yi komai ba sai jira, ita ce ta ci. In kuma abin ya juya, kamar yadda ya faɗo daga wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021 zuwa wajen 16,000 a Nuwamban 2022, ta ƙarshen ce za ta kwashi ƙaiƙayi. Ko ta wane gefe, zumunci ya ɓaci. Raba satoshi gida dubu ko gida miliyan ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan, don ba ƙarancin canji ne ya kawo ta ba.

Turawa sun sha wannan lokacin da kuɗinsu ke ɗaure da zinariya. Tsakanin 1929 da 1933 farashin kaya a Amurka ya faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Manoma da masu masana'antu da suka ci bashi lokacin da abubuwa ke da tsada suka kasa biya, suka riƙa sayar da kadara da gaggawa, sayarwar ta ƙara karya farashi, karyewar ta ƙara wa sauran masu bashi nauyi, bankuna dubbai suka rufe. Wani masanin tattalin arziki, Irving Fisher, wanda shi kansa ya yi asarar dukiyarsa a rikicin, ya rubuta a 1933 cewa a irin wannan hali, iya ƙoƙarin masu bashi na biya, iya ƙaruwar nauyin abin da ake bin su. Ingila ta saki ma'aunin zinariya a 1931, ƙasashen da suka saki da wuri kuma su suka riga farfaɗowa. Wannan tarihi ne ya sa manyan bankunan duniya suke neman farashi ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan, Amurka da Turai wajen kashi biyu a shekara, namu na Gana kashi takwas, da sassaucin biyu sama ko ƙasa. Akwai kuma maganar albashi. Ma'aikaci zai haƙura a ƙi ƙara masa, amma ka ce za ka rage masa saboda kaya sun yi araha, sai dai ku rabu. Mai kamfanin da kuɗin shigarsa ke raguwa, albashi kuma ya ƙi raguwa, sallamar mutane yake yi.

Masu goyon bayan Bitcoin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ciki ba ya jiran farashi, mai jin yunwa zai sayi waakye yau ko da gobe zai fi araha. Suna cewa waya da kwamfuta kullum ƙara araha suke idan aka duba abin da suke iya yi, amma ba a daina saye ba. Suna kuma nuna ƙarshen ƙarni na 19, daga 1873 zuwa 1896, lokacin da farashi ya yi ta sauka a Amurka da Turai amma masana'antu suka bunƙasa. Duk haka ne. Saukar farashin da ta zo saboda an iya yin kaya da sauƙi alheri ce. Sai dai a wancan zamanin ma manoman Amurka masu bashi sun yi ta kuka, har kukan ya zama babbar maganar zaɓen 1896. Kuma abinci ba shi ne abin dubawa ba, jari ne. Mutumin da ke da kuɗin da ke ƙara daraja yana kwance, me zai kai shi buɗe gidan burodi, ya yi fama da ma'aikata da wutar lantarki da haraji? Sai ribar da yake hange ta fi abin da zama kawai zai ba shi. Sana'o'i da yawa da ke ciyar da unguwa ba za su tsallake wannan ma'auni ba.

Halin masu riƙe da Bitcoin ɗin ma shaida ne. Ranar 22 ga Mayun 2010 wani mai suna Laszlo Hanyecz ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza biyu. A farashin dala 100,000, dala biliyan ɗaya ke nan. Duk shekara ana tuna ranar ana raha, amma darasin da kowa ya ɗauka a zuciyarsa shi ne kada ka kashe. Shi ya sa za ka ga saurayi yana yabon Bitcoin da baki, in zai biya mai kaya a Guangzhou sai ya tura USDT, wanda aka ɗaure da dala, in zai sayi katin waya sai ya taɓa MoMo. Haka iyayenmu suke yi da dala da sidi: a kashe mai lalacewa, a ɓoye mai ƙarko. A matsayin ma'ajiya, ga wanda zai iya jure hawa da saukarsa, ina ganin Bitcoin yana da hujja, musamman ga mutanen da suka ga yadda aka sake fasalin bashin gwamnati a farkon 2023, masu takardun lamuni suka ji a jikinsu. A matsayin kuɗin da za a rubuta haya da albashi da sadaki da shi, ban gamsu ba.

Wani malami da ke zaune a shagon ranar ya kawo abin da ban yi tunani ba. Ya ce malamai sun saɓa a kan halaccin kirifto, shi ba zai yanke ba, amma duk wanda ya ɗauke shi dukiya to zakka ta hau kansa idan ya kai nisabi ya shekara, ɗaya cikin arba'in. Na zo gida na buga lissafi: dukiyar da aka ajiye ba a juya ta, ana cire mata kashi biyu da rabi duk shekara, cikin shekara 27 zuwa 28 rabinta ya koma hannun wasu. Sababbin Bitcoin da ake haƙowa yanzu, wajen 450 a rana, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar a shekara ba. Wato tsarin da kansa ba ya matsa wa mai ɓoyo ya fito da abin da ya ɓoye, wanda ya shiga da wuri ya tara da yawa kasonsa yana nan, darajarsa tana hawa da guminsa ko ba guminsa. Musulmin da ke fitar da zakka shi kaɗai ne ke da abin da ke tura shi ya juya dukiyar.

Sauran kuɗaɗen kirifto kowa da hanyarsa. Ether ba shi da iyakar adadi, ana raba shi har sifili goma sha takwas, kuma tun Agustan 2021 ana ƙone wani ɓangare na kuɗin aike, saboda haka jimillarsa takan ragu in ana hada-hada sosai, ta ƙaru in kasuwa ta yi sanyi. Dogecoin yana ƙara kimanin biliyan biyar duk shekara. Inda samarinmu suka fi faɗawa rami shi ne kuɗaɗen da ake fitarwa da yawan gaske. Shiba Inu ya fara da guda tiriliyan dubu. Yaro ya ba da sidi hamsin a ba shi dubun dubata, ya riƙa lissafin ranar da kowane guda zai kai dala ɗaya, bai tsaya ya ninka ya ga cewa kuɗin duniya kaf ba su kai haka ba. Kuskuren Kawu ne aka juya shi: shi ya ɗauka yankawa tana ƙara yawa, su sun ɗauka yawan yanka arziki ne.

Akwai kuma abin da ke rage Bitcoin wanda ba a rubuta a tsarin ba, wato ɓata. Duk wanda ya rasa mabuɗinsa, wato lambar sirrin da ake taɓa kuɗin da ita, kuɗin suna nan a kundi kowa yana gani, babu mai iya taɓawa har abada. Wani mutumin Newport a Birtaniya, James Howells, ya shafe shekaru yana neman izinin tone juji saboda faifan kwamfutar da aka zubar a 2013 da Bitcoin kusan 8,000 a ciki. Kamfanin bincike na Chainalysis ya ƙiyasta a 2017 cewa tsakanin miliyan 2.78 da 3.79 sun riga sun salwanta. Satoshi da kansa ya taɓa cewa kuɗin da suka ɓata suna ƙara wa na sauran mutane daraja ne, a ɗauke su kamar kyauta ga kowa. A lissafi haka ne. A gidan da mai shi ya rasu da mabuɗi a kansa, marayu ne suka yi kyautar ba da saninsu ba, kuma babu alƙali ko limamin da zai iya raba gadon da ba a iya buɗewa.

Da na koma shagon bayan mako biyu na tarar Kawu ya ba ƙanena sidi ɗari biyar ya saya masa, ya ce a bar shi nan a gani, kamar yadda yake ajiye 'yar dala a ƙasan akwati. Littafin bashinsa kuwa yana nan a sidi, da jan biro da shuɗi. Ƙanena ya rubuta masa kalmomi goma sha biyu na mabuɗin a takarda, yana ta jaddada masa kada kowa ya gani. Kawu ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce zai kai wa Hajiya ta haɗa da takardun gida.

"Kawu, ai na ce kada kowa ya gani."

"Na ji. Kai naka, wa ya san inda suke?"